Yadda Munka Kai Ɗan Maƙwabciya Maraɗi

Tun kafin a yi maganar Maraɗi, tiyo nake tsoro. Na taɓa ganin wani yaro a likitar Dakoro, wato asibitinmu, an zura mashi siririn tiyo ta hanci, an manne shi a kumatu, ana tura mashi madara da sirinji kamar ana ba mashin mai. Uwarshi na zaune gefen gado ta rasa inda za ta aje hannunta. Daga ranar, ko hancin buta na kalla sai gabana ya faɗi.

Tunda munka dawo kuwa ban huta ba. A pampo tambaya, wajen niƙa tambaya, gidan suna tambaya: "Zuwaira, wai gaskiya ne a Maraɗi akwai lakwal, makarantar da ake koyon cin abinci?" Duk wadda na ba labarin sai ta ƙara mashi gishiri kafin ya kai gida na gaba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina iya riƙe alƙalami. Ga shi nan na rubuta, mai karatu ta karanta wa marar karatu, a bar ni in yi daka.

Akwai yaro a gidanmu. Kun san shi, kun kuma san abin da ya sa ba zan faɗi sunanshi ba: na fari ne. Ba na kiranshi, ba na ɗaukarshi gaban manya, in ya faɗi sai in kalli bango har wani ya ɗaga shi. Haka uwata ta yi da yayana. Sai dai wutsiyar ido ba ta san kunya ba. Da anka yaye shi anka mai da shi ɗakin Inna, uwar maigidana, ina gani ta gefe wuyan rigarshi ya fara zamewa ta kafaɗa. Warwaron da ke cizon tsintsiyar hannunshi ya koma yawo har gwiwar hannu.

Ni da Inna munka kai shi likita. Madam mai awon yara ta naɗa mashi ɗan madaurin awo a damtse, mai launi uku: tsanwa lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa sai gado. Nashi ya tsaya a ɗorawa yana leƙen ja. Madam ta ce mi yake ci a gida, ta kalle ni. Na kalli taga. Inna ta gyara zama.

"Angona?" in ji ta, don haka take ce wa jikan nata. "Mi ne ne ba ya ci? Da sahe hanta. Da rana kaza. Da dare in bai ga tsoka cikin miya ba, ture kwanon yake yi."

Ku da kunka san gidanmu kun san kazar ƙarshe da anka yanka ta ranar sunanshi ce. Amma Inna a wajenta ba ƙarya ta yi ba, asiri ta rufa. A ce jikan masu turkar raguna ruwan fura yake sha, kuma a faɗa gaban baƙuwa mai farar riga? Gara a binne ta.

Madam ta ce: "In yana cin wannan duka bai ƙaru ba, to akwai abin da ke cinshi a ciki. Sai ku tafi Maraɗi."

Kun ji mafarin tafiyar. Kazar da ba a yanka ba ita ta kai mu Maraɗi.

Maigidana bai yi musu ba. Ya san abin da kowane ragonshi ke ci safe da yamma, amma cin yara sha'anin mata ne. Ya dai shafa bayan yaron yadda yake taɓa ƙugun rago a kasuwa, fuskarshi ta canza, ya fita ya nemo mana wuri a mota.

Ƴar bas ce, washegarin kasuwa, cike da masu komawa. Yaron na kan cinyar Inna, ni ina jikin taga ina kallon gero yana wucewa. A Kornaka mota ta tsaya, Inna ta miƙa hannu ta sayi ɗan fallen kilishi. Na ji sanyi a raina, na ce yau yaron zai ga nama da idonshi. Ashe ba ci za a ba shi ba. Ta goga mashi a leɓe, ta goga a gaban riga, har bayan kunne kamar turare.

"Don su ji ƙamshi," in ji ta. "Kada a ce mun zo da ƙarya."

Sannan ta cinye kilishin, ta ce ba shi da haƙoran tauna. Har munka wuce Sabon Maci yaron na tsotsar wuyan rigarshi, ni kuma ina ganinshi cikin gilashin taga.

Kafin a shiga Maraɗi akwai shingen jandarma. Wani dogo ya leƙo, daga jin Hausarshi daga yamma anka kawo shi. Ya duba katin kowa, ya zo kanmu, ya nuna yaron.

"Wannan na wa ne?"

Ya dube ni: "Madam, ɗanki ne?"

Mota cike da maza, surukata na gefena. Na sunkuyar da kai ina nazarin takalmin jandarma. Inna ta ce: "Angona ne, mushe," wato yallaɓai.

Ya ce mu sauko.

Sai mota duk ta ɗauka, kowa na bayani lokaci guda, direba na rantsuwa ya san gidanmu tun yana karen mota. Wani dattijon Buzu da ke kujerar gaba ya ɗan sassauta rawaninshi ya ce: "Mushe, wadda ta ƙi kallonshi ita ce uwar. Da sato shi ta yi, da yanzu ta rungume shi tana ta sumbata."

Jandarman ya yi tunani. Ya ɗauki yaron ya miƙo mini. Na juya baya. Yaron ya cafki zanena da hannu biyu har ya kusa kwance shi a kan titi. Jandarman ya mai da wa Inna jikanta, ya ce shi dai a garinsu uwa takan amsa ɗanta, amma mu je, Allah ya ba da lafiya.

Maraɗi ba zan ɓata muku takarda a kanta ba. Hayaniya ce da kabu-kabu, kowa na sauri kamar tuwonshi na ƙonewa. A asibitin da anka tura mu lokotoro ya duba yaron, ya ɗebi jini, ya ce sakamako sai gobe, kuma goben masu abinci za su gan mu. Inna ta ɗauka masu sayarwa yake nufi, ta ce mun zo da guzurinmu.

Masauki wata babbar rumfa ce ta masu jinya, kowa da tabarmarta da tukunyarta. Inna ta shimfiɗa tamu, ta kafa buta a kusurwa ɗaya, ƙunshin kaya a ɗaya, ta shaida wa matar da ke kusa cewa mu ba jinya ta kawo mu ba, duba ce kawai.

Daga nan na hango shinge na biyu, wanda ya fi na jandarma tsanani. A ƙofar ɗakin manya marasa lafiya wata budurwa ce tsaye, siririya, da farar riga da hular leda. Duk mai shiga da kwano sai ta buɗe ta duba. Wata Hajiya ta zo da kula har hawa uku za ta kai wa mijinta mai ciwon suga. Budurwar ta buɗe, ta gaishe ta da ladabi, ta ce ganyen ya shiga, shinkafar a rage ta, lemun kwalba ya koma mota.

"Tun ba a haife ki ba nake ciyar da Alhaji," in ji Hajiya.

"Allah ya saka, Hajiya. A ara mini shi na ƴan kwanaki, zan mai do maki."

Hajiya za ta wuce, budurwar ta ce a yi haƙuri, ɗaurin ɗankwalin ya ɗan yi tudu. Dabino ne a ciki.

Inna ta riƙe baki. "Duwan ɗin tuwo," ta ce, wato kwastan. "Mu a Dakoro in ka je gaida marar lahiya hannu sake, an yi da kai ke nan har jikoki. Nan kuma in ka zo da kwano a caje ka kamar mai fasa-ƙwauri."

Da azahar anka fito da abincin marasa lafiya. Inna ta bi ƙamshi har madafa, ta roƙi ɗanɗane, anka lasa mata miyar wata tukunya. Ta dawo jiki a sanyaye, ta kwance ƙunshinta ta ɗebo gishirin balma, ta koma ta miƙa wa masu tuwon a ɓoye, ta ce kowa na shiga wannan hali, kada su ji komi. Budurwar nan ce ta tare ta a kan murhu. Ta ce tukunyar ta masu hawan jini ce, da gangan anka hana ta gishiri. Waccan ta masu suga ce, waccan kuma ta masu ciwon ƙoda, kowace da dokarta. Inna ta ce to Allah ya ba su lafiya, don wanda ya ci miyar nan ya riga ya yi kaffara.

Haka munka san budurwar, sunanta Ramatu. Da la'asar ta zo rumfa tana duba inda mata ke aje abincin yara, na samu na tambaye ta wane irin aiki ne wannan. Ta ce ita ɗaliba ce tukuna, lakwal ɗinsu na jikin asibitin, da safe aji, da rana aiki.

"Lokotoro ya san ciwo, ya rubuta magani," in ji ta. "Mu kuma an ba mu abin da ke shiga baki tsakanin magani da magani. In mutum ya sha ƙwaya da safe ya bi ta da abin da ya kwantar da shi, aikin banza anka yi."

Ta ce shekaru suke yi suna koyo: abin da ke cikin wake da abin da ke cikin gero, abin da mai ciki ke buƙata, abin da tsoho marar haƙori zai iya haɗiyewa, tsabtar madafa, awon yara. Kuma duk abin da ta yanke ba ya aiki sai malamarta ta gani, lokotoro ya yarda. Na ce da wuya? Ta ce lissafin ba wuya, mutane ne wuya.

Na leƙa ajin nasu ta taga da za mu ɗebo ruwa. Samari da ƴan mata, wasu har da gemu, sun kewaye cokali ɗaya na mai a kan ɗan ma'auni suna kallonshi kamar jinjirin watan azumi. A can gefe an rataye ƴar tsana cikin wandon da ake auna yara, biyu na gardama a kanta, ɗaya ya ce a kwantar da ita, ɗaya ya ce a sallame ta. Inna ta ce: "Iyayensu sun sai da shanu don su zo su yi jinyar ɗiyar roba."

Washegari da hantsi anka kira mu wani ɗaki. Ramatu na bayan tebur, ashe ranar jarrabawarta ce, mu ne tambayar. A can baya malamarta na zaune, wata babbar mace mai tabarau, ta harɗe hannu. A kan tebur akwai faranti, na ga cinyar kaza, kifi, ƙwai, malmalar tuwo manya da ƙanana, yankan kankana. Yawuna ya tsinke. Inna ta ce a'a, mun ƙoshi, yanzu munka tashi daga kan abinci. Ramatu ta ƙwanƙwasa kifin a tebur, ya yi ƙara. Duk na roba ne. Ta ce da su ake nuna yawan abin da mutum ya ci.

Ta ce a faɗa mata abin da yaron ke ci a gida, daga tashi barci har kwanciya. Ta dube ni. Na dubi bango. Inna ta gyara zama.

Abincin ya ƙaru a hanya. Hantar Dakoro ta samu ƙoda, kazar ta zama biyu, har tattabara ta shigo da la'asar. Ramatu ta ce cinyar kamar wacce? Inna ta nuna babbar, ta ce tasu ta ɗan fi wannan. Ramatu na ta rubutu. Ana cikin haka yaron ya zame daga cinyar Inna, ya miƙa hannu ya ɗauke ƙwan roba, ya koma ƙarƙashin tebur.

Ramatu ta yi lissafinta, ta sake yi. Malamar ta yi magana karo na farko: "Mi kinka samu?"

"Madam, bisa wannan, yana cin abin da zai ishi ɗan kokowa."

"To mi za ki gaya wa lokotoro?"

"Cewa ba daga abinci ba ne. A kwantar da shi a ci gaba da bincike. In kuma ƙarfinshi ya ci gaba da raguwa, a sa mashi tiyo."

Na ji kalmar har tafin ƙafata. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma Inna na nan gefena da ɗankwalinta na zuwa biki, ta gama gina mana gida na nama gaban baƙi, kuma yaron na fari ne. In na yi magana na ƙaryata uwar mijina, na kuma nuna ina ƙirga lomar ɗan fari. Na rufe bakin. Bangon da nake kallo ya fara rawa cikin ruwa.

Malamar ta ce: "Kafin ki tashi, dubi yaron. Sannan ki dubi wadda ba ta dubanshi."

Ramatu ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ɗan kokowa na can ya kama ƙwan roba da hannu biyu yana gurgura, yawu har ƙirji. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe. Sai ta aje alƙalami ta juya wajen Inna.

"Inna, naku ya yi kyau, Allah ya ƙara buɗi. Angonki ɗan gata ne. Amma taimako nake nema. An ce mini a unguwarku akwai wata maƙwabciya mai yaro sa'an wannan, tsawonsu ɗaya, ramarsu ɗaya. Ita ba ta samu zuwa ba. Ko Zuwaira ta san abin da shi yake ci?"

Ƙarƙashin tebur gurgurar ƙwai na ci gaba. Inna ta ɗaga kai tana kallon rufi. Ta ciro goro, ta dube shi, ta mai da.

"Wannan gidan," ta ce a hankali. "Na san su. Gaya mata, yarinya. Mi ne ne namu na ɓoye asirin wasu?"

Ban san na tara magana haka a cikina ba. Na ce ɗan maƙwabciya da safe koko yake sha, tsararo, wanda in an zuba a faifai zai wuce. Da rana ruwan saman fura, don gudajin manya ke shanyewa. Da dare a sa shi kwano ɗaya da ƴaƴan baffanshi, manya ne, hannunsu ya fi nashi sauri. Kafin ya hura lomar farko ta huce sun kai gindin kwano, sai ya lashi yatsa ya bi su da kallo. Na ce yana son wake, in ana bakace sai ya tsinci wanda ya faɗi ya sa a baki ɗanye. Na ce ba ƙin abinci yake ba, jira yake a ce mashi ga naka.

"Subhanallahi," in ji Inna. "Waɗanne irin mutane ne waɗannan."

Ramatu ta ce da cokali ake ba shi kokon?

"Ɗura suke mashi," Inna ta karɓe. "A toshe hanci a kwarara, rabi ciki rabi ƙasa. Na sha gaya musu." Alhali ita Inna ke ɗurar a gidanmu, da hannunta na dama. Ta ƙara da cewa: "Kakar tashi ce. Ba mugunta ba ce. Haka ta raini nata, kuma idonta ya fara rauni, ba ta ga yadda ya koma ba."

Ba wanda ya dube ta. Ni ma bango na ci gaba da kallo, amma wannan karon don ita.

Ramatu ta ce to mi ke akwai a gidan maƙwabtan? Akwai wake? Na ce akwai, amma na raguna ne. Ƙuli-ƙuli fa? Na ce ana jiƙa wa raguna. Zogale? Yana bayan ɗaki, akuya ke ci. Ramatu ta ce ashe dai akwai masu cin abincin ɗan kokowa a gidan, ƙafa huɗu gare su. Na hango kafaɗun malamar suna motsi. Da anka zo kan ƙwai Inna ta ce a nan kam maƙwabta sun yi daidai, yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Ramatu ta ce ita da ƙwai anka raine ta, kuma ban da dabinon Hajiya ba ta taɓa ɗaukar kayan kowa ba.

Sakamakon jini ya fito, ba wani ciwo sai ƙarancin jinin, anka rubuta magani. Lokotoro ya ce a gwada cinshi a gani, in ya ci da kanshi ba maganar gado.

Ramatu ta kai mu wata ƴar madafa ta koyarwa. Ba ta dafa ba, ni ta sa, tana tsaye. Garin gero, garin soyayyen wake, dakakken ƙuli, busasshen zogale, cokalin mai. Ta ce a dama shi da kauri, in an karkata cokali ya yi nawar sauka. Ba abin da babu shi a gidanmu, ko in ce a gidan maƙwabta. Ta zuba a ɗan kwano ta ce dokoki biyu ne: kwanonshi shi kaɗai, kuma mai ba shi ta zauna gaba da gaba, tana kallon fuskarshi, tana mashi magana, ba toshe hanci.

"Tunda ɗan maƙwabciya ba ya nan," in ji ta, "mu gwada a kan wannan."

Ta miƙo kwanon tsakanina da Inna, ba ta ce wa ba. Inna ta dubi kwanon, ta dubi hannunta.

"Tashi ki ba shi," ta ce mini. "Ki ɗauka na maƙwabtan ne. Ba a kunyar ɗan wani."

Na zauna a ƙasa, anka aje shi gabana. Tun ranar da anka yaye shi ban dube shi ido da ido ba. Ashe girar babana gare shi. Ashe ya yi sabon haƙori a sama ban sani ba, ni da nake cewa ba abin da ya wuce mini. Ya dube ni kamar yana tunanin inda ya san ni. Na ɗebo kunun na hura, na ce: "Ga naka." Ya buɗe baki.

Ya cinye tas, ya kama cokalin ya ƙi saki, ya yi kukan ƙari. Inna ta ce kun gani, ba don ya saba da nama ba da ya fi haka ci.

Sun riƙe mu ƴan kwanaki a rumfa suna auna shi, ba gado, ba tiyo. Ranar sallama na tambayi Ramatu ko ta ci jarrabawar. Ta ce malamar ta rage mata maki saboda tattabara, ta mai do mata saboda maƙwabciya. Na ce a aji anka koya mata dabarar? Ta ce a aji an koya musu cewa amsar farko ta baƙo ce, ta biyu ce ta tukunya, amma yadda za a kai ga ta biyun kowa shi ke nemo hanyarshi.

"Ni daga wajen Tagris nake," in ji ta. "Kuma ƴar fari ce. Uwata har yau 'ke' take ce mini. Amma in na rage loma ɗaya a kwano, da yamma sai in ji tana tambayar ƙanwata ko wani a gidan nan ba shi da lafiya."

A hanyar dawowa, daidai shingen jandarma, wani abu ya faɗo daga rigar yaron ya gangara ƙarƙashin kujera. Ƙwan roba ne. Inna ta ce: "Mi na gaya muku? Tun bai ci na gaske ba." Mun aika wa Ramatu ta bakin direba, ta ce a bar mashi. Yanzu yana cikin akurki, Inna ta sa wa kaza, ita kuma ta kwanta a kai da zuciya ɗaya.

A gida, in lokacin cinshi ya yi, Inna kan ɗaga murya daga ƙofar ɗakinta: "Zuwaira, ɗan maƙwabta ya zo." Sai in ɗauko kwanonshi in zauna gabanshi. In ya gama ya koma Ango, ni kuma in koma kallon bango. Maigidana ya rage wa raguna wake ba tare da an roƙe shi ba, ranar kasuwa ma har ƙuli yake sayowa ya ce na baƙo ne. Ƙwai kuwa rabi Inna ta yarda a ba shi, ta ce rabin sata ba ta kai mutum gidan kaso. Awon da munka koma, madaurin ya bar bakin ja, ya taka tsanwa da ƙafa ɗaya. Warwaron ya daina yawo.

Saura matsala guda, ita ce ma ta sa na zauna rubutun nan. Inna ta ji daɗin labarin. Duk gidan biki sai ta ba da shi: yadda likitocin Maraɗi sunka yaba cimar jikanta, da yadda ta taimaki wasu maƙwabtanta da ke barin yaro da ruwan fura, ba za ta faɗi suna ba. To mu katangarmu ɗaya ce da mai yaro sa'an namu, Haule matar mai gyaran mashin. Ɗanta kuwa kamar tulu yake, sai an yi bisimilla ake ɗaga shi. Yanzu mata sai su riƙa shiga gidanta da ƙullin zogale da ƙuli, suna karkatar da kai suna cewa kowa na shiga wannan hali. Haule ta daina amsa gaisuwata. Kayan kuma ta katanga take jeho mana su cikin fushi. Ba zan ɓoye ba, muna tsincewa mu daka.

Don Allah ku daina kai wa Haule zogale. Ɗanta lafiyarshi lau, kuma ba ta taɓa barin shi da yunwa ba. In an tambaye ku a likita abin da yaro ke ci, ku faɗi na tukunya, in ba ku iyawa ku ari maƙwabciya, amma ku zaɓi wadda ba ta da katanga da ku. Yaron da anka yi maganarshi a Maraɗi nawa ne, ni na haife shi. A rubuce na faɗa, ba da baki ba, saboda haka kada wadda ta tare ni da zancen a pampo. Wadda kuma za ta karanta wa Inna, in ta zo nan ta tsallake.